Bilicin ɗin gashi a Kano: Saiwa mai ruwan goro da kwalbar da ba ta da lamba

Sauya launin gashi daga baƙi zuwa ruwan zuma ko ruwan ƙwai ya daɗe a filayen ƙwallo da dandalin mawaƙa, amma 'yan wasa irin su Victor Osimhen, wanda ya lashe kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a watan Disamban 2023, sun ƙara masa farin jini a wurin matasan Najeriya.

A Kano abin bai fito fili kamar Legas ba. Hukumar Hisbah ta sha kama samari tana aske musu kai kan askin da ta ce ya saɓa wa tarbiyya, mata kuma gashinsu na ƙarƙashin ɗankwali da mayafi. Duk da haka ana yi. Ana yi wa amare, ana yi lokacin Sallah, ana yi a shagunan gyaran gashi na Sabon Gari da cikin unguwanni, wasu kuma a ɗakunansu suke yi da hodar leda da tsohon buroshin haƙori.

Ƙorafin da ya fi yawa bayan an wanke kai shi ne launi bai zo ɗaya ba. Wajen saiwa ya yi fayau ko ya koma ruwan goro, sauran gashin ya tsaya a ja mai duhu. Mai kai ta ce mai shago ba ta iya ba, mai shago ta ce gashin ne mai taurin kai. Sau da yawa dukansu ba su faɗi daidai ba, domin wani ɓangare na amsar yana cikin kwalbar da aka zuba a kwano, kuma labarin wannan kwalba ya ratsa ta unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai.

Abin da ke faruwa a saiwa

Baƙin gashi na samun launinsa ne daga sinadarin melanin da ke cikin sili. Mai yin bilicin yana haɗa hoda mai ɗauke da gishirin fasalfet da wani ruwa mai suna haidirojin faroksaid. Haɗin yana buɗe bayan silin gashi, ya shiga ciki ya ci melanin ɗin.

Ba a tsallake daga baƙi zuwa fari kai tsaye. Gashi yana bin matakala: baƙi, ruwan ƙasa, ja, ruwan goro, ruwan ɗorawa, sannan ruwan ƙwai mai haske. Duk inda aka wanke, a nan launin zai tsaya. Don haka kai mai launi biyu kai ne da wani sashensa ya riga wani hawa matakalar.

Saiwa ce ke yin gaba saboda dalilai biyu. Na farko zafi. Jikin ɗan Adam yana kan digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, kuma ɗumin fatar kai yana dumama gashin da ke kusa da ita, kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Zafi na hanzarta aikin sinadarin, kamar yadda ƙullin ƙosai ko na waina ke saurin tashi a bazara fiye da lokacin hunturu. Na biyu, gashin saiwa sabon tsiro ne da bai taɓa ganin rini ba, don haka babu abin da ke tare wa sinadarin hanya.

Wanda ya shafa haɗin tun daga saiwa har baki a lokaci guda, ya ba wa ɓangaren da ya fi sauri tazarar da ba ya buƙata. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, kuma littattafan koyon sana'ar sun daɗe da magance shi: a fara daga tsakiyar gashi zuwa baki, a bar saiwa sai ƙarshe.

Abin da gashin Bakano ke ɗauke da shi

Waɗannan littattafai galibi an rubuta su ne da gashin Turawa a zuciya, wanda da ma bai yi duhu sosai ba. Gashin da ake kawowa shago a Kano yana zuwa da tarihinsa.

Akwai lalle. Sinadarin da ke ba lalle jansa yana kama jikin gashi ya zauna daram, bilicin ba ya iya fitar da shi yadda yake fitar da melanin. Matar da ta shekara tana shafa lalle a kai, idan aka yi mata bilicin, sabon tsiron zai yi haske, tsohon kuma ya tsaya a ruwan goro ko da an ƙara minti talatin. Ƙarin lokacin gashin kawai zai cinye.

Akwai dayis, baƙin rinin da ake rufe furfura da shi, ake kuma zana wa amare a hannu da ƙafa. Yawancinsa yana ɗauke da sinadarin PPD. Baƙin rini na cikin mafi wahalar cirewa, kuma idan an maimaita shi sau da yawa yana taruwa a bakin gashi. Wasu rinukan masu arha kuma ana haɗa su da gishirin ƙarfe, waɗanda idan suka haɗu da faroksaid sukan yi zafi har gashi ya tsinke a hannun mai gyara.

Sai man miƙar da gashi da mata ke kira shamfu. Nau'insa mai ƙarfi soda ce a ciki, 'yar uwar wadda ake dafa sabulu da ita, kuma tana aiki ne ta hanyar karya igiyoyin da ke riƙe da murɗin gashi. Bilicin ma waɗannan igiyoyi yake raunanawa. Gashin da ya sha biyun a jere yakan zama kamar jiƙaƙƙen zare, a ja shi ya miƙe ya tsinke. Shi ya sa ƙwararru da dama ba sa yarda su ɗora hodar bilicin a kan gashin da aka yi wa shamfu, komai kuɗin da aka ajiye musu.

Game da shamfun akwai wani batu na daban da ya kamata mata su sani. A watan Oktoban 2022 masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka sun wallafa sakamakon bin diddigin mata fiye da 33,000, inda suka ga alaƙa tsakanin yawan amfani da man miƙar da gashi da ƙaruwar haɗarin kansar mahaifa. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke hukuncin cewa man ne sanadi ba, amma ya isa ya sa a rage gaggawa.

Yanayin garin ma yana sa hannu. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. Shagon da ke ƙarƙashin kwano, babu wuta babu fanka, ya bambanta ƙwarai da ɗaki mai sanyi da kamfani ya gwada kayansa a ciki kafin ya rubuta mintocin da ke jikin kwali. A irin wannan zafi haɗin yana aiki da sauri, yana kuma bushewa da sauri, kuma busasshen haɗi ya daina aiki. Gefen da aka fara shafawa zai iya gamawa kafin a kai ɗaya gefen. Da hunturu kuwa, busasshiyar iska ce ke shanye shi.

Lambar da ke jikin kwalba

Duk waɗannan abubuwa mai gyaran gashi da ta san aikinta za ta iya lissafa su. Za ta tambayi tarihin gashin, ta duba agogo, ta raba kai gida-gida. Abin da ba za ta iya gani da ido ba shi ne ƙarfin ruwan da ke hannunta.

Ruwan haɗin bilicin yana zuwa da lamba. Lamba 10 na nufin kashi 3 cikin 100 na faroksaid, lamba 20 kashi 6, lamba 30 kashi 9, lamba 40 kuma kashi 12. Dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai ta tsayar da iyaka a kan kashi 12 ga duk abin da za a sa wa gashi. A wurin masu sana'ar, abin da zai taɓa fatar kai bai kamata ya wuce lamba 20 ba.

Gaba ɗaya dabarar daidaita saiwa da sauran gashi a kan wannan lamba ta dogara: mai ƙarfi kaɗan a jiki, mai sauƙi a saiwa. Idan lambar ƙarya ce, ko babu ita sam, dabarar ta rushe.

A nan ne masana'antu suka shigo. Faroksaid ba don gashi aka fi yin sa ba. Masaƙu na amfani da shi wajen faranta auduga kafin rini, masu takarda da masu tsabtace kayan aiki ma haka. Wanda ake sayar wa masana'antu yana zuwa a jarka ko duro da ƙarfin kashi 35 ko 50 cikin 100, wato ninki uku zuwa huɗu na iyakar da aka yarda wa gashi. Ɗigonsa a fata yana faranta wurin nan take, ya ƙona. Amma a ido, shi da mai kashi 6 duk ruwa ne garai.

Kano gari ne da sinadaran masana'antu ke yawo a cikinsa. Bompai, wadda ta fi tsufa cikin unguwannin uku, da Sharaɗa da Challawa, sun tara kamfanonin jima da masaƙu da masu roba da masu sabulu, kuma kasuwancin sinadarai ya girma a gefensu. Yau duk mai son koyon haɗa sabulun ruwa ko man shafawa zai iya sayen kayan haɗi a kasuwa da awo, a ƙulla masa a leda ko a ɗura masa a robar ruwan sha. Wannan ya buɗe wa dubban mata sana'a a cikin gida, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai robar da aka ɗura ba ta faɗin ƙarfin abin da ke cikinta, ba ta faɗin ranar da aka yi shi.

Ranar tana da muhimmanci, domin faroksaid ba ya zama yadda yake. Zafi da hasken rana suna rusa shi a hankali ya koma ruwa da iska. Kwalbar da ta taso daga tashar jirgin ruwa a Legas, ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a bayan mota, ta zauna a rumfar kasuwa wata da watanni ana buɗewa ana rufewa, ba lallai ta kai ƙarfin da aka rubuta mata ba. Mai shago za ta ga gashi ya ƙi tashi, ta ƙara lokaci ko ta rufe kan da leda ta sa a na'urar busarwa. Saiwa, wadda da ma ke kan gaba, ita za ta fara ƙonewa.

Tsadar kaya ta ƙara tura mutane wannan hanya. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kayan gyaran gashi masu suna akasari daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu ya bi dala. Mai shagon da kwastomominta ba za su iya biyan sabon farashi ba, dole ta nemi na awo.

Akwai kuma ruwan wanki, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Ruwan da ke ɗauke da ƙarfe ko tagulla yana barin burbushinsu a jikin gashi, kuma waɗannan suna sa faroksaid ya yi aiki babu tsari, launi ya fito dabbare-dabbare. Dagwalon masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, na Sharaɗa yana bin Salanta, na Challawa kuma yana gangarawa kogin Challawa. Masu bincike a jami'o'i, ciki har da Jami'ar Bayero, sun yi shekaru suna auna ƙarafa masu nauyi a waɗannan ruwaye da gonakin da ake ban-ruwa da su. Launin gashi shi ne mafi ƙanƙantar damuwar mutanen da ke zaune a bakin waɗannan rafuka, amma shagon da ke ɗibar ruwa daga rijiyar irin wannan unguwa yana da dalilin tanadar ruwa mai tsabta don wankin ƙarshe.

Idan aikin gama ya gama

Gyara ya danganta da irin ɓarnar. Idan saiwa ce ta fi sauran gashin haske, ba bilicin ake ƙarawa ba. Ana samun rini marar ƙarfi, mai zama a bayan gashi, wanda ya ɗara launin da ake so duhu kaɗan, a shafa a saiwar kaɗai, a taje shi ya ɗan gangara don kada a ga iyaka. Saiwa mai ɗan duhu ma ta fi kama da halitta, kuma tana ɓoye sabon tsiro idan ya fito.

Idan matsalar ruwan goro ne ko ruwan ɗorawa mai ƙarfi, ana kashe shi da kishiyar launi. Shuɗi na kashe ruwan goro, shunayya na kashe ruwan ɗorawa. Marinan Ƙofar Mata ba za su yi mamakin wannan ba, haka ma duk uwar da ta taɓa sa bula a farin kaya don ya daina ja-ja. Amma wannan gyara yana da iyaka: yana sauya kamannin launi ne, ba ya ƙara haske. Gashin da ya tsaya a ja mai duhu ba zai koma ruwan zuma da sabulun shunayya ba.

Mafi wahala shi ne zobe, wato layin duhu da ke fitowa tsakanin saiwa mai haske da tsohon bilicin. Gashi na tsiro kusan santimita ɗaya a wata. Wadda ta bar kanta wata uku kafin ta koma shago, sabon tsironta ya wuce iyakar da ɗumin kai ke kaiwa, don haka rabinsa zai yi sauri, rabi ya makara. Maganinsa a koma tsakanin mako shida zuwa takwas. Idan zoben ya riga ya fito, shi kaɗai ake bi da haɗi mai sauƙi, a kiyaye kada ya hau kan wanda aka riga aka yi wa, domin daidai wurin da bilicin ya hau bilicin nan ne gashi ke karyewa.

Ba a yin wannan gyara a rana ɗaya da aikin farko. Ana ba gashi da fatar kai aƙalla mako biyu. Wannan ne ya sa yi wa amarya bilicin ana jibi ɗaurin aure ganganci ne: idan ya ɓaci babu lokacin gyara, sai dai a rufe da baƙin dayis, wanda zai mayar da aikin gaba ya fi wannan wuya.

Samari masu gajeren gashi ba su cika samun launi biyu a ranar farko ba, tunda duk gashin yana cikin ɗumin kai. Tasu matsalar tana zuwa bayan mako biyu, idan baƙi ya fara leƙowa daga ƙasa suka koma a sake. Haɗin a kan fata yake zama kai tsaye, kuma maimaita shi a kai a kai na kawo ƙuna da ƙuraje, wani lokaci har tabon da gashi ba zai sake fita a wurin ba.

Matakan kariya ba su da tsada. A gwada haɗin a kan 'yan silin gashi daga ƙeya kafin a taɓa sauran kai, wanda zai tona asirin tsohon lalle ko rini, ya kuma nuna ko ruwan yana da ƙarfi. Idan za a sa rini, a gwada ɗigo a bayan kunne a jira awa 48, domin PPD na kumbura wa wasu fuska da fatar kai. Kada a yi a ranar da aka tsefe kitso mai tsauri ko aka sosa kai da matsefi. Idan aka ji zafi mai kama da ƙuna, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Maganar cewa zafi alamar magani na aiki ne ta jawo wa mutane da yawa tabo.

Wa ke da alhakin lambar?

Kayan kwalliya suna ƙarƙashin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. A watan Fabrairun 2023, a wani taron wayar da kai da aka yi a Kano, hukumar ta bayyana bilicin ɗin fata a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Tun daga lokacin hankali ya karkata ga mayukan fata, kuma da hujja, domin ɓarnarsu ta fi yawa. Kayan gashi ba su samu irin wannan kulawa ba, alhali a rumfa ɗaya ake sayar da su, kuma sau da yawa hannu ɗaya ke haɗa su.

Kano ta nuna cewa ana iya tsara kasuwa idan an ga dama. A watan Fabrairun 2024 hukumomi sun rufe shagunan masu sayar da magunguna a Sabon Gari don tilasta musu komawa sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro, duk da turjiyar da aka yi. Sinadaran awo ba su kai magani haɗari ga jama'a ba, kuma rufe rumfuna zai kashe sana'ar masu ƙaramin ƙarfi ne kawai. Abin da ake buƙata ya fi wannan sauƙi: duk abin da aka ɗura daga duro ya fita da takarda mai sunansa da ƙarfinsa da ranar ɗurawa, da Hausa, sannan mai kashi 35 ko 50 kada ya isa hannun wanda ba masana'anta ba.

Ɗaya ɓangaren kuma dama ce ta kasuwanci da ke kwance. Ruwan haɗi mai lamba 20 ba fasaha ce mai zurfi ba: faroksaid ne da aka surka da tataccen ruwa bisa ma'auni, aka sa masa abin da ke hana shi lalacewa, aka zuba a kwalbar da haske ba ya ratsawa. Masu ilimin haɗa sinadarai da ke auna faroksaid don faranta yadi a masaƙa sun san abin da ya fi wannan wuya, kuma kamfanonin robar da za su buga kwalbar suna nan Sharaɗa. Kayan da aka yi a Kano ba zai yi doguwar tafiya a rana ba, kuma za a iya rubuta masa mintocin da suka dace da zafin garin.

Abin da ke hana ruwa gudu sananne ne ga duk mai masana'anta a jihar. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa, dizal ya yi tsada, kuma tsofaffin masaƙu da dama a waɗannan unguwanni sun daɗe da rufe ƙofa. Bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, shi ne abin da masu masana'antun Kano suka daɗe suna sa rai zai sauƙaƙa musu kuɗin makamashi. Shi kansa faroksaid ɗin da za a surka, da dala za a sayo shi.

Kafin a kai can, nauyin yana kan mai shago da mai kai. Mai shago na iya sayen ƙaramar kwalba mai lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa maimakon babbar jarka, ta ajiye ta a inuwa, ta rubuta ranar da ta buɗe ta. Mai kai kuma tana da haƙƙin a nuna mata kwalbar kafin a zuba, ta ga lambar da idonta, ta kuma faɗi gaskiya idan an tambaye ta yaushe rabonta da lalle, da dayis, da shamfu.